Ƙafar Bayan Keken Dogo

Tun da ciwon ido ya zaunar da Kawu a gida, shagon gyaran keke ya koma hannun ɗan ƙanwarsa, wanda kowa ke kira Tsaf. Sunan ba banza ya bi shi ba. Mutum ne da ba ya ajiye sifana sai ya goge ta, ba ya ɗaura noti sai ya wanke shi. Ranar da ya karɓi makulli ya share shagon ƙal, ya kakkafa ƙusa a bango ya rataye kowane ƙarfe a wurinsa. Kujerar Kawu kuwa, wata 'yar kujerar katako da aka ɗaure ƙafarta da tsohon tub, ya kai ta ɗakin baya ya kife.

Shago ya yi kyau, amma mutane sun ragu. Masu faci da masu tsinkakkiyar sarƙa suna nan suna zuwa. Waɗanda suka ɗauke ƙafa su ne 'yan tseren burji, mutanen nan da ke bin hanyar tsakuwa da taɓo a kan keke mai lanƙwasasshen hannu. A da nan ne wurin hirarsu. Yanzu ɗaya bayan ɗaya sun koma sabon shagon tsallaken titi, mai ƙofar gilas da fitilu ko da rana tsaka. Dogo kaɗai ya rage, kuma Tsaf ya san in Dogo ya tsallaka, shi ke nan an rufe wannan babin.

Da safiyar nan Dogo ya shigo a sunkuye don kada kansa ya bugi ƙofa, ƙafar bayan kekensa na rataye a kafaɗa.

"Ina mai shagon?"

"Ga ni, Yaya Dogo."

"Kai ai na gan ka. Mai shagon nake tambaya."

"Yana gida. Likita ya ce ba ƙura, ba kananzir, sai an cire masa yanar idon."

Dogo ya miƙa masa ƙafar. Tsaf ya shafa gefen rim ɗin, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai. Keken Dogo tsohon yayi ne, burkinsa roba biyu ce da ke damƙe gefen rim. Shekara da shekaru robar na gugar ƙarfe da yashi, har gefen ya yi kwari kamar cokali, ga kuma tsaga siririya kusa da bawul, inda ake hura iska.

"Ya gama aikinsa," in ji Tsaf.

"Na sani. Rim kawai za ka canza. Hob ɗina ba a taɓa shi, ya girmi aurena." Ya ɗora yatsa a kan cibiyar ƙafar, inda sifok, wato siraran ƙarafan nan, duka ke tashi su bazu zuwa rim. "Kuma tubles nake so, irin ta gaba. Na gaji da tsugunawa bakin hanya ina faci, yara na wucewa suna ce mini sannu da hutawa."

Ƙafar gaban, Kawu ne ya canza mata rim bara, kafin idon ya yi nisa. Ya sa mata taya marar tub, wadda ake zuba wa ruwan liƙi fari kamar madara, in ƙaya ta soke ta sai ta toshe kanta. Ta bayan kuwa, duk lokacin da aka yi maganarta sai ya ce a bari tukuna.

"Tsere ƙarshen makon nan ne," in ji Dogo. "Yaran tsallake sun ce in jefar da keken in sayi mai burkin faifai. Na ce musu ina da mutum." Ya dubi inda kujerar Kawu ta saba zama, ya dubi Tsaf. "Ina da mutum, ko?"

"Kana da shi."

Bayan fitarsa Tsaf ya ɗora yatsa a bawul, ya bi sifok ɗaya-ɗaya har ya zagayo. Talatin da biyu. Ya auna zurfin rim, ya auna faɗinsa, ya rufe shago ya nufi wurin mai sayar da kayan keke.

Mutumin nan Akwai ake ce masa, don duk abin da ka tambaya, kafin ka rufe baki ya ce akwai. Shagonsa siriri ne kamar lungu, taya da rim na reto daga rufi, mutum sai ya yi ta kauce-kauce kafin ya kai ga tebur.

"Magajin Kawu, yau kai ne da kanka? Me ake nema?"

"Rim na tubles, huji talatin da biyu."

"Akwai."

Ya hau tsani ya sauko da wani baƙi mai sheƙi, marar nauyi kamar faranti. Tsaf ya shafa gefensa ya ji shi a dunƙule, santsi kamar bayan kwano.

"Baba Akwai, a ina burki zai kama?"

"Ya kama faifai mana. Yanzu duk haka ake yin su."

"Keken ba shi da faifai."

"Sai a sa masa."

"Firam ɗin ba shi da wurin ɗaura shi."

"To wannan laifin keken ne, ba nawa ba."

Na biyun yana da gefen burki shimfiɗe lafiya lau, huji ma daidai. Sai dai cikinsa kwari ne zalla irin na da, ba shi da 'yar kafaɗar nan da ke riƙe leɓen taya gam ta hana iska hanya.

"Ka nannaɗe shi da tef, ka zuba madarar, ka yi addu'a," in ji Akwai.

"In taya ta salluɓe a gangara da Dogo a kai fa?"

"Dogo ai ƙafarsa na kai ƙasa."

Tsaf bai yi dariya ba. Na ukun ya yi faɗi da yawa. Taya za ta buɗe a kansa ta cika tsakanin ƙarfen firam, taɓo kaɗan ya maƙale keke ya tsaya cak. Haka suka yi ta yi, wannan ya hau tsani ya sauko, wancan ya auna ya girgiza kai. Kowane rim da abin da ya rasa, kamar an raba musu gado ba a yi adalci ba. Zufa ta jiƙa bayan rigar Tsaf, kansa ya fara sarawa.

Can Akwai ya ce a dakata. Ya shige ƙurya, aka ji kwalaye na faɗuwa, ya fito yana atishawa da wani rim a naɗe cikin takarda mai ƙura. Tsaf ya yage takardar. Gefen burki na nan, fari tas. Kafaɗar tubles na nan. Faɗi daidai, kamar an auna firam ɗin Dogo kafin a ƙera shi. Murna ta kama shi. Ya ɗora yatsa a hujin bawul ya fara ƙirga, ya zagayo, ya sake.

"Talatin da shida," ya ce a hankali.

"To ai ƙari aka yi maka. Huɗu kyauta."

"Talatin da biyu na ce."

"Ka tsallake huɗun mana. Wa zai tsaya ƙirga su a guje?"

"Wannan aikin 'yan kame-kame ne, ba aikin shagonmu ba."

Akwai ya ɗaga kafaɗa, ya jingine rim ɗin a bakin ƙofa. Ya ce akwai wani abokin sana'arsa da ba ya rasa tsofaffin kaya, zai tambaya masa. Gobe, in an dace.

Da yamma Tsaf ya biya gidan Kawu kamar kullum. Ya tarar da shi a baranda da baƙin tabarau, ya kwance bayan rediyo yana laluben cikinta da yatsu. Inna, matar Kawu, na gefe tana ninke wanki.

"Rediyon lafiyarta lau," ta ce wa Tsaf. "Hannunsa ne ke ƙaiƙayi. Jiya makullin ɗaki ya kwance, da ƙyar muka fito."

Tsaf ya zauna a kan dakali ya ba da labarin wuninsa a gajarce. Da ya ambaci ƙafar Dogo, yatsun Kawu suka tsaya.

"Ta baya?"

"Ita."

"Ka ƙirga?"

"Na ƙirga, Kawu. Talatin da biyu."

"A ina ka ƙirga?"

"Haba Kawu. Yau na fara ƙirga sifok?"

"Ka bar yaro ya sha ruwa," in ji Inna. "An ce ido ya huta, sai baki ya karɓi aikin."

Kawu bai kula ta ba. "In rim ya zo, ka yi yadda nake yi. Ka jingina sabo a jikin tsoho, ka ɗaure su tare, ka riƙa ƙaurar da sifok ɗaya-ɗaya, kowa ya shiga ɗakin da ke kallon nasa. Kada ka warware ta."

Wannan ɗabi'ar Kawu ce tun Tsaf na koyo, kuma tun a lokacin ba ta kwanta masa ba. A ganinsa aikin ganda ne, mutum ya tare a sabon gida da dattin tsohon gida. Bai taɓa faɗi ba dai.

"Ka ji ni? Ita wannan ƙafar tana da..."

"Kawu," Tsaf ya katse shi, shi da ba mutum ne mai ɗaga murya ba. "Ko dai ka bar mini shagon, ko in kawo maka makullinka. Kowa ya shigo kai yake nema. Na zo gida kuma sai a mai da ni ɗan koyo."

Inna ta ci gaba da ninke zanen da ta riga ta ninke. Kawu ya lalubo murfin rediyo ya mayar.

"Shago naka ne," ya ce.

Goben Akwai ta yi ta haihuwar wata goben. Dogo kan leƙo da yamma, ya ga ƙafarsa rataye yadda ya bar ta, ya tafi ba tare da ya zauna ba. Sau ɗaya Tsaf ya hango shi tsaye a ƙofar gilas yana hira da yaran tsallake, har ɗaya na nuna masa wani keke a bango. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Sai ana gobe tsere, da hantsi, rim ya iso. Tsaf ya duba shi ciki da waje kamar mai sayen doki. Gefen burki, kafaɗar tubles, faɗi, huji talatin da biyu. Har zurfinsa ɗaya da na tsohon, ma'ana tsofaffin sifok za su yi ba sai an nemi sababbi ba. Ya sauke ajiyar zuciya irin wadda ya kwana biyu bai yi ba.

Ya jingina sabon a jikin tsohon, ya tsaya yana kallo. Maganar Kawu ta faɗo masa. Sai kuma idonsa ya sauka a kan hob ɗin, baƙi ƙirin da giris da busasshen taɓo, sun daskare sun zama kamar kwalta. Rim fari tas, a haɗa shi da wannan ƙazanta? Aikinsa na farko a ƙafar Dogo, ya fita da dattin shekarun wani? Ya janye sabon rim ya ajiye gefe.

Ya cire haƙoran giya, ya bi notunan sifok yana sassautawa, ya zare sifok duka ya zuba a gwangwanin kananzir ya girgiza, suna ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Ya ɗauko tsohon buroshin haƙori ya hau wanke hob. Datti ya yi ta zuba, farin ƙarfe ya fara bayyana, har yana 'yar waƙa a ransa.

Da ya ɗaga hob ɗin ga haske don ya yaba aikinsa, sai ya ga wani huji ya bambanta da 'yan uwansa. Sauran duk bakinsu ya goge ya ɗan buɗe, wannan kuwa zagayayye ne sumul, kamar yau aka huda shi. Ya juya ya ga wani irinsa. Ya ƙirga gefe ɗaya, sha takwas. Ya juya ɗaya gefen, sha takwas.

Talatin da shida. Huji huɗu ba su taɓa ganin sifok ba, taɓo ne ya toshe su ya ɓoye su duk shekarun nan.

Ya juye gwangwanin a kan tsumma, ya tattara sifok ya tsayar da su a kan tebur ya daidaita gindinsu. Kawunan suka ƙi haɗuwa. Wani ya ɗara wani da ƙwayar shinkafa, wani da biyu, kamar 'ya'yan gida ɗaya a jere. Ba sai an faɗa masa ba. Kawu ya haɗa hob mai huji talatin da shida da rim mai talatin da biyu, ya tsallake huɗu. In an yi haka tazarar kowane sifok takan bambanta, don haka ya yanka wa kowane tsawonsa. Kowa da ɗakinsa. Shi kuma ya kwashe su ya zuba a gwangwani ɗaya ya girgiza.

Da ya bi ta Kawu, da yanzu yana hura taya.

Sai ya tuna rim ɗin nan mai ƙura da ya ƙi. Shi ne abokin auren hob ɗin na gaskiya. Da shi da sababbin sifok, aikin rabin wuni ne. Ko ƙofa bai rufe da kyau ba ya haye wani keke da aka kawo gyara ya taka.

"Baba Akwai, rim ɗin nan mai talatin da shida."

"Na 'yan kame-kame?"

"Shi."

"Ai kai ka yi masa kasuwa. Shekarunsa a ƙurya ba wanda ya tanka masa. Da ka ƙi shi na bar shi a bakin ƙofa, washegari wani mai keken dako ya gan shi ya ɗauka."

"Wane ne? A ina yake?"

"Sunansa mai saye. Yana inda masu saye suke."

"Akwai wani irinsa?"

Akwai ya buɗe baki, ya dubi rufi, ya dubi ƙurya, ya sosa ƙeya.

"Babu," ya ce. Shi kansa sai da kalmar ta yi masa baƙunta.

Tsaf ya koma shago ya gwada da kansa. Ya zura sifok ya kai shi rim, ya ƙi isa. Ya sa wani, ya wuce ya leƙo ta cikin rim da tsininsa, irin wanda zai huda tef ɗin tubles ya zubar da iska. Huji huɗun da za a tsallake ya san su, amma ya rasa ta wace fuska kowane sifok zai bi. Ya ɗaura ya kwance, ya ɗaura ya kwance, har yatsunsa suka yi ja. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Da rana ta karkata ya zuba sifok a gwangwani, ya sa hob a aljihu, ya kama hanyar gidan Kawu yana jan ƙafa.

Bai gama sallama ba Kawu ya ɗaga hanci.

"Kananzir. Ka warware ta."

"Na warware, Kawu."

Ya jira faɗa, faɗa bai zo ba. Kawu ya miƙo hannu kawai, Tsaf ya sa masa hob a tafin hannu.

"Lokacin Dogo na saurayi, ya bugi dutse ya karya rim," in ji Kawu yana juya shi. "Na zagaye gari ban samu mai talatin da shida ba, shi kuma ya rantse ba zai rabu da hob ɗinsa ba. Na yi ta yanka ina gwadawa har ta tsaya. Kada ka tambaye ni wanne ne na ina. Ko da idona ban riƙe ba."

"Na ga mai talatin da shida a wurin Akwai," in ji Tsaf, kansa a ƙasa. "Na ƙi shi. An saye."

"Da gefen burki?"

"Da shi."

"Na tubles?"

"Na tubles."

Kawu ya ci gaba da juya hob ɗin. "Shi nake jira," ya ce daga baya. "Shi ya sa nake cewa a bari tukuna."

Da Kawu ya zage shi da ya fi wa Tsaf sauƙi.

Yatsan Kawu na ta yawo a bakin hujin hob. Can ya tsaya. "Kawo hannunka." Ya kama ɗan yatsan Tsaf ya ɗora a wurin. "Ka ji wannan ɗan kwarin? Nan sifok ya kwanta shekara da shekaru. Kowane huji na da nasa, yana nuna inda mai ɗakin ya fuskanta, da ko ta ciki ya fito ko ta waje. Da dattin nan na nan ba za a ji shi ba. Wankinka ya yi rana a nan, a nan kaɗai."

"Tsawon fa?"

"Tsawo sai gwaji. Ɗauko mini takalmina."

"Ina za ka?" in ji Inna daga ƙofar ɗaki.

"Zama kawai zan yi."

"Na san zamanka." Ta juya ga Tsaf. "Ka kai shi. Amma in ya taɓa kananzir da kai zan yi, kuma kafin duhu ka dawo mini da shi."

A shago Tsaf ya shiga ɗakin baya ya ɗauko kujerar, ya kaɗe ta, ya ajiye a wurinta. Kawu ya zauna ba tare da ya laluba ba. Ya tsayar da sifok a kan tebur, ya riƙa wuce tafin hannu a kan kawunansu yana ware su, gajeru nan, dogaye can, matsakaita kashi-kashi. Tsaf na bin kwarin da ke jikin hob yana zurawa. In ya kai rim ya ce ya gaza, Kawu ya miƙo na gaba da shi. In ya ce ya wuce, a koma baya. Matsalar ita ce ba a gane gaskiyar tsawo sai an ɗaure duka ƙafar ta yi tauri, kuma in an gane ɗaya ba a ɗakinsa yake ba, to wani ma ba a nasa yake ba. Sau uku suna kai wa ƙarshe suna komawa. Haske ya fara ja da baya, Tsaf ya kama hannun Kawu ya mayar da shi gida.

Gari na wayewa ya buɗe shago. Bai jima ba sai ga Inna ta rako Kawu har bakin ƙofa, ta ce ya hana ta sakat, ga shi nan ta kawo kayansu. Suka ci gaba. Wannan karon ƙafar ta tsaya. Tsaf ya ɗora ta a ƙarfen saiti, inda ake duba daidaiton ƙafa, ya juya, tana tafiya sumul, sai ɗan rawa kaɗan da ba kowane ido zai kama ba. Ya bi sifok yana kaɗa su da farce kamar mai gwada tsirkiya. Yawancinsu suka amsa da ƙara siririya. Uku suka ce ɗif. Notinsu ya kai ƙarshen zare, ba sauran abin ɗaurewa, kuma ba su ɗauki kaya ba. Sun yi tsawo, ba ɗakinsu ba ne.

Ya dubi tef ɗin tubles da kwalbar madara a kan tebur. In ya naɗa ya hura yanzu, ba wanda zai sani. Wataƙila ma ta kai ƙarshen tsere. Wataƙila kuma a gangara, a kan tsakuwa, ukun nan su saki, maƙwabtansu su ɗauki nauyin da ba nasu ba.

Inuwa ta rufe ƙofa. Dogo ne, cikin rigar tsere da hular kwano, ya turo keke da ƙafa ɗaya yana ɗage da bayansa.

"A'a, Kawu, ashe kana nan. To alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta." Ya juya ƙafar da yatsa, ya bi ta da ido. "Kai, ta yi kyau. Hob ɗina ne wannan? Sa taya mu tafi, ana jirana."

"Ba ta yi ba, Yaya Dogo."

"Me ya same ta? Ga ta tana tafiya daidai."

"A nan take tafiya daidai. A gangara ban ce ba. Na warware ta ba yadda ya kamata ba, sifok uku ba su zauna ba. Ba zan ba ka ita yau ba."

Fuskar Dogo ta canza. "Mako guda ƙafata na rataye a nan. Yau da safe za ka gaya mini haka?" Ya juya. "Kawu, kai me ka ce? In ka ce in hau, in hau."

Kawu ya gyara tabarau. "Ni baƙo ne, hira na zo. Ga mai shago nan."

Dogo ya dubi Tsaf. Tsaf ya girgiza kai.

"In kana so ka kai wa yaran tsallake ita, sai in sauke maka," ya ce.

Dogo ya kau da kai. Ya ɗage bayan kekensa, ya juya, har ya manta bai sunkuya ba hular kwano ta bugi ƙofa. Tsaf na tsaye yana kallo ya tsallaka titi, ƙofar gilas ta buɗe ta haɗiye shi da keken.

"Ya shiga?" in ji Kawu.

"Ya shiga."

Motoci na wucewa. Tsaf ya ɗauki tsumma ya goge sifanar da ba ta yi datti ba, ya rataye, ya sake ɗaukowa.

An jima ƙofar gilas ta buɗe. Dogo ya fito a kan keke, da wata tsohuwar ƙafar baya mai tub wadda ko kalarta ba ta dace da ta gaba ba. Ya taka kamar zai wuce, sai ya karkato ya tsaya a bakin shagon, ƙafa ɗaya a ƙasa. Bai sauka ba, bai kuma saki fuska ba.

"Ta aro ce," ya ce. "Na gaya musu ta yini ɗaya ce. In na yi faci yau, duk wanda ya ce mini sannu da hutawa, nan zan turo shi."

"Na ji, Yaya Dogo."

"Kuma kada wanda ya sauke waccan daga inda take, sai ta yi."

Ya taka ya tafi. Tsaf ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

Da ya juyo, Kawu ya riga ya jawo kujera kusa da ƙarfen saiti, yana kaɗa sifok da farce, kunnensa a karkace.

"Ba uku ba ne," ya ce. "Ga na huɗu nan. Warware."

Tsaf ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya ɗauko makullin sifok, ya nemo hujin bawul da yatsa, ya fara sassautawa.